Hayaƙin Murhun Kaka

Ɗana na fari shina da kwana goma sha biyu ranar da ya kuɓuce daga hannun Kaka ya nutse cikin baho.

Kaka ita ta haifi uban mijina. Ba wanda ya san shekarunta, ita dai takan ce tana da surukai anka gina madatsar Goronyo. Duk jinjirin da anka haifa gidan nan ita ke yi mashi wankan safe har ya fara zama. Tana sallame asuba sai ta hura kara a murhunta ta ɗora ruwa. Hayaƙin nan da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofata shi ke gaya mani gari ya waye. Wannan shekarar ɗana kaɗai ne jinjiri a gidan.

"Kawo mani angona," haka take cewa. "Ragon miji, ko goro bai saya mani, sai dai ya yi mani fitsari ga zane."

Ranar nan sabulun salo ya sa jikinsa santsi. Ina tsaye na ga fuskarsa ta shige ruwa. Ƙiftawar ido ce, ta cafko shi, ya yi tari, ya tsala kuka. Ta yi dariya ta ce ango na koyon iyo. Ni hannunta nike kallo, yadda yake rawa har tsumman wankan ya faɗi.

Wuni na yi ina kara kunnena ga ƙirjinsa. Amma wa ni ke da bakin ce wa Kaka hannunta ya tsufa? Washegari sai na yi ƙarya. Na ce malamar asibiti ta ce a bar yi mashi wankan safe, sanyi na kama ƙirjinsa.

Ta dube ni ta daɗe. "To, ɗiyata. Masu boko sun fi mu sani."

Kwana na farko ba hayaƙi, na ji sanyi a raina, Allah ya yafe mani. Kwana na huɗu na ga an fito da furarta yadda anka kai ta. Tana tashi ta yi salla, ta koma tabarma ta juya fuska ga bango. Anka kira mai duba marasa lafiya, ya ce ba zazzaɓi, ba komi, tsufa ne. Kwana na tara ta sa anka ciro likkafaninta daga adaka anka shanya shi ga igiya, dab da ƴan rigunan ɗana. Ta kuma aiko mani da kaskon da take gasa cibiyar jarirai, wai in ajiye.

In na dubi ɗana in ga fuskarsa cikin ruwa, in na dubi igiya in ga farin ƙyalle.

Da hantsi mijina na zaune tsakar gida shina tsince ruɓaɓɓar albasa, rediyo na magana. Anka ce a ƙasar Japan akwai tsofaffi masu haura ɗari da ƙarfinsu, kuma suna da kalma guda ta abin da ke tada mutum daga shimfiɗa da safe. Kalmar ta ɓace mani. Wani lambunsa ne, wata jikokinta.

Mijina ya yi dariya. "Mu dai salla ka tada mu."

Na ce, "In an sallame fa, mi ka hana mutum komawa?"

Ya ce, "Ke mi ka damunki yau?"

Na san ajali na Allah ne. Amma na ji tsoron a ce ni ce sanadi.

Washegari da safe na ɗauki ɗana da baho na shiga ɗakin Kaka. Na durƙusa na ce, "Kaka, malamar asibiti ba ta ce komi ba."

Ba ta juyo ba. "Na sani. Kina tsammani ban ji sa'adda yas sulluɓe ba? Tun rannan nika jin santsin nan ga tafina."

Ashe ita ma tsoro take ji.

Na ce, "Ni zan riƙe shi, ke ki wanke. Ban iya gashin cibi ba, dubi yadda ta yi."

Nan ta juyo. Ta buɗe cibiyar, ta ja tsaki. "Kin so ki lalata mani miji. Ɗauko kaskona."

Yanzu ruwan bahon bai wuce gaɓar yatsa biyu. Tafina na ƙarƙashin ƙeyarsa, nata na bisa da soso, kuma har yau yana rawa. An mai da likkafanin adaka. Tana shan rabin furarta.

Ɗana ya fara yunƙurin zama, wankan da Kaka ke yi mashi ya kusa ƙarewa. Kowace asuba ina kwance ina jiran hayaƙi, in ya makara kaɗan sai in tashi zaune. Matar ƙanen mijina na da ciki wata biyar, ni kuwa na fi ta ƙidaya watannin.