Tabon da Abdulfattah Ya Goge

Shekara goma sha bakwai Abdulfattah yana ɗaukar hoto a wani ɗan shago bayan tashar Birnin Gwari, ba a taɓa ganin wanda ya fito daga hannunsa da muni ba. Ƙuraje, giɓi, tsohon rauni, duk sai ya shafe su a kwamfuta ba tare da an roƙe shi ba. Kyautatawa yake kiran abin. Gaskiyar magana, so yake mutum ya kalli hotonsa ya washe baki, ya manta da shagon Isah mai hoto na tsallaken titi.

Wata Laraba da hantsi Deborah ta faɗo shagon tana haki. Matar Micah ce, wani manomin Kuyello da ya yi wa hoton katin ƙungiyar manoma watan jiya.

"Malam, me ka yi wa fuskar maigidana?"

"Gyara kawai, Maman Sabina."

"'Yan sa-kai sun tsare shi a shinge tun safe. Sun ce mai katin ba shi da tabo, shi kuwa ga tabo daga kunne har haɓa. Wai katin wani ya sata, yana kai wa mutanen daji rahoto."

Abdulfattah ya tuna tabon sarai. Ƙahon bijimi ne ya ji wa Micah, shi da kansa ya ba shi labarin yana dariya. Ya kuma san abin da kan sami wanda aka yi wa wannan zargi.

Asalin hoton na nan a kwamfuta. Ya buga shi, ya miƙa mata. Ba ta karɓa ba.

"Wa zai saurare ni? Kai ka goge, kai za ka faɗa da bakinka."

Rabonsa da hanyar Kuyello shekara huɗu, saboda mutanen daji. Ya ɗauke ta a mashin, suka kama hanya.

A shingen Micah na zaune a ƙasa, hannu ɗaure. Abdulfattah ya miƙa asalin hoton, ya faɗa da bakinsa cewa shi ya goge tabon. Wani dattijo mai bindigar toka ya jera hotunan biyu, ya daɗe yana kallo, sannan ya sa aka kwance shi.

"Kai mai gyara wa Allah halitta," dattijon ya ce a hankali, "mutum nawa ka yi wa haka?"

Abdulfattah ya ƙirga a zuci. Kusan kati ɗari biyu ya yi wa manoman, kuma dukansu da katunan suke bin wannan hanya.

Yana komawa shago ya buɗe kwamfuta, ya fara neman asalin fuskokin ɗaya bayan ɗaya.