Karar Bakatsine da Inabin Maƙwabci

Mijina bai taɓa kai giya bakinsa ba tun da aka haife shi, amma shekaru ya yi yana ba maƙwabcinmu shawara a kan yadda ake haɗa ta. Har yau in na tuna sai na ji raina ya ɓaci.

A Edmonton ta arewacin Landan muke zaune, katangar katako ce kawai ta raba bayan gidanmu da na wani tsoho, Bagirke ɗan tsibirin Saifurus. Yana da itacen inabi da ya hau rumfa ya lulluɓe rabin tsakar gidansa, har reshe yana leƙo mana. Duk kaka shi da matarsa sukan tsinke baƙin inabin nan, su sayo fari a kwalaye daga shagunan Turkawa, su matse, su haɗa, su zuba a manyan tulunan gilas a ɗan ɗakin katakon da ke ƙuryar gidan. Abin da ke fitowa ja ne mai haske, kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Tsohon ne mai matsa, matar ce mai ɗanɗanawa. Ita ke cewa a ƙara fari ko a rage, kuma in ta ce ya isa, to ya isa.

Shekarar da muka tare, ina shanya sai ga tsoho ya ɗago kwali guda na kwalaben giyarsa ta saman katanga, fuska cike da fara'a. Na buɗe baki zan ce mun gode amma ba ma sha, sai na ji an taka mini ƙafa. Mijina ne. Ya sa hannu biyu ya karɓa, har da rusunawa.

Da muka shiga ciki na ce, “Malam, me ke nan ka yi?”

Ya ce, “Ba a mayar da hannun kyauta baya. Dattijo ne, kuma baƙi ne mu a layin nan.”

Bakatsine ne, ɗan ɗakin kara. Mutumin da in tela ya ɓata masa riga sai ya yi godiya ya ƙara da tukuici. Ni kuwa Bakanuwa ce, abin da ke cikina shi ke bakina. Na ce masa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ya je yanzu ya faɗa wa mutumin nan gaskiya. Ya ce a bar kaza cikin gashinta. Shi tsohon ba laifinsa ba ne, Musulmin da ya tashi da su a ƙauyensu suna sha, bai taɓa kawowa a ransa akwai matsala ba. Kwali dai ya shige lokon da ke ƙarƙashin bene, bayan injin shara. Da tsoho ya tambaya bayan kwana biyu, mijina ya ce ai bai taɓa jin irinsa ba. Wai a ganinsa wannan ba ƙarya ba ce.

A sanyin shekarar nan, korona ta kwantar da su duka biyun. Matar ba ta dawo daga asibiti ba. Shi ya dawo, amma hancinsa da harshensa sun mutu, ko albasa ya yanka ba ya jin komai. Na yi ta kai masa abinci yana ci don dole.

Da kaka ta zagayo ya matse inabinsa shi kaɗai. Bayan ya nuna, sai ya kira mijina bakin katanga, ina tsaye a ƙofar kicin ina ji. Ya ce, “Ɗana, kai ka sha na hannunta, ka kuma yaba. Ni yanzu ba ni da harshe. Ka zama harshena. Ka sha wannan ka faɗa mini ko ya kamo nata.”

Na zuba wa mijina ido. Nan ne wurin faɗa, babu wurin da ya fi nan. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa, ya miƙa hannu biyu.

Da a ce yabo kawai ya riƙa yi, da da sauƙi. Amma wai kada tsoho ya gane, sai ya ga dole ya riƙa samo ɗan aibi. To mutumin da duk jan abin sha da ya sani a duniya zoɓo ne, wace shawara zai bayar? Shekarar farko ya ce ya ɗan yi tsami, a ƙara sukari. Tsoho ya ƙara. Shekarar da aka yi zafin nan da ciyawar Landan ta bushe, ya ce ƙamshin bai fito ba, da za a jefa kanumfari da citta. Wallahi da kunnena na ji. Tsoho ya ce matarsa ba ta taɓa sawa ba, amma tunda ɗansa ya faɗa, zai sa. Ta gaba kuma ya ɗaga kwalba a rana ya ce launin ya kwashe, a rage farin inabi. Har karatu yake yi a waya a cikin bas, yana koyo kalmomin masu sana'ar, ya dawo yana cewa wannan yana da jiki, wancan yana daɗewa a maƙogwaro. Maƙogwaron wa?

Ni kuma aka bar ni da gadin loko. In matan unguwa suka zo karatu ranar Lahadi, wata ta tashi za ta ɗauko tabarma, sai in yi tsalle in tare ƙofa kamar mai ɓoye gawa. Na ce a zubar, ya ce kyauta ce, ba a wulaƙanta ta. Na ce a bayar, ya ce zunubi. Ba a sha, ba a zubar, ba a bayar. Sai tarawa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata bazara tsoho ya zo har ƙofar gida, da hularsa a hannu. ’Yarsa tilo da ke Ostireliya za ta zo a ɗaura mata aure a Landan, kuma dangin angon daga wani ƙauye suke da kowane gida ke matsa inabinsa. Yana so a teburin biki a sha na gidansu, kamar yadda uwarta ta yi buri. Na hannun marigayiyar ya ƙare tun zaman makokinta, amma yana da tulu na kowace shekara bayan nan. Mijina ne zai zaɓa wanda za a kai gaban surukai.

Mijina ya ce, “In sha Allahu, Baba.”

Ranar ban yi masa magana ba sai da na kira ƙawata. Nas ce, tare muke aiki a asibiti, ’yar Wusasa, Kirista, Hausarta ta fi tawa. Takan sha a biki da Kirsimeti, kuma ba ta san kara ba ko a littafi. Ta zo ranar Asabar da azahar. Na shimfiɗa jarida a teburin kicin, na jera kwalba ɗaya daga kowace shekara, na kawo kofunan takarda.

Ta ce, “Haba Hajiya, a kofin takarda? Ai wannan insult ne ga inabi.”

Na ce, “Kofunana na shayi ne. Sha ki faɗa mana.”

Mijina yana zaune a gefe, ya haɗa hannuwa a cinya kamar wanda aka kawo gaban alƙali.

Ta fara da na shekarar da muka tare. Ta zuba kaɗan, ta juya kofin, ta shinshina, ta kurɓa, ta riƙe a baki. Ba ta tofar ba, haɗiyewa ta yi. Ta ce, “Kai! Wa ya yi wannan? Ba shi da nauyi, yana da ɗan tsami mai daɗi kamar na ɗanyar tsamiya, sai ɗan bauri a ƙarshe kamar ka ci kanya. Wannan ko a shago sai ka yi da gaske.”

Na biyu ta ɗan yamutsa fuska. Ta ce akwai na farkon a cikinsa, amma an danne shi, zaƙi ya yi yawa kuma yana ƙona ƙirji. Na shekarar zafi kuwa ko daƙiƙa bai yi a bakinta ba, ta ruga wurin wanke-wanke ta tofar, tana tari.

“Maganin mura ne wannan! Wane mara imani ne ya sa kanumfari?”

Na nuna mata shi da baki. Ta dube shi, ta dube ni, ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi dariya ba. Na ƙarshen ta ce ya yi duhu, ya yi kauri, ga bauri mai kama harshe, ga wani wari-wari a ƙasa kamar tsumman da ya kwana a jiƙe. Ta ajiye kofin ta ce, “Malam, tsakani da Allah, in aka kai ɗaya daga cikin ukun nan gaban surukai, an gama da tsohon nan. Za su yi murmushi su sha, sannan su yi shekara goma suna ba da labari a ƙauyensu.”

Bayan ta tafi mijina ya ce ko za a ce wa tsoho kawai ya sayi na shago, wai an ce council, wato ƙaramar hukuma, ba ta yarda da na gida a wurin biki. Wata ƙaryar a kan ƙarya! Na ɗauko mayafina na ce ko ya faɗa da bakinsa, ko in faɗa da nawa, kuma ya san nawa ba shi da birki.

Muka sami tsoho a ƙarƙashin rumfar inabi. Mijina ya gaishe shi, ya tambayi ƙafarsa, ya tambayi ’yar, ya tambayi ango, har yanayin Ostireliya sai da ya tambaya. Na yi gyaran murya. Sannan ya sunkuyar da kai ya faɗa. Ya ce addininsa ya hana shi, bai taɓa sha ba, kunya ce ta hana shi faɗa tun farko, kuma duk shawarar da ya bayar daga ka ya ƙago ta. Ya faɗi abin da ƙawata ta ce game da kowace shekara, bai rage ba.

Ni da na matsa a zo, sai na ji da ma ƙasa ta tsage.

Can tsoho ya ce, “Har nata ba ka sha ba?”

“Ban sha ba, Baba.”

“Ka zubar?”

“Suna nan. Ɗaya kawai aka buɗe, yau.”

Mijina ya je ya kinkimo kwalin farko, duk ƙura. Tsoho ya zaro kwalba ɗaya ya riƙe ta a ƙirji, bai dube mu ba. Ya ce wannan za a kai teburin amarya. Sannan ya ce mu tafi, yana so ya zauna shi kaɗai. Bai ce ya yafe ba, mu ma ba mu da bakin tambaya.

Washegari da hantsi ina wanke-wanke na hango shi ta taga yana jan tulu daga ɗakin katako, yana nishi, yana tsayawa. Zai kai shi bakin magudana ne. Mijina yana bayana, sanye da farar shaddar da zai je suna da ita a Dagenham. Na ce, “Ka gani ko? Aikin shekarunsa ke nan.” Na so in ƙara, amma kafin in juyo ya fita.

Ya zagaya ya shiga gidan ba tare da an kira shi ba, ya kama ɗaya hannun tulun. Tsoho bai hana shi ba. Suka karkata shi tare, jan ruwan ya yi ta kwarara yana fallatsa a ƙafar wandon shaddar. Suka koma suka ɗauko na biyu, na shekarar zafi. Yana cikin zuba tsoho ya sunkuya ya kai hancinsa kusa, ya ja numfashi, ya sake ja. Sai ya ɗago ya dubi mijina ya ce, “Wari yake yi?”

Na ga bakin mijina ya motsa, na san abin da ya saba fitowa daga cikinsa. Ya haɗiye shi.

Ya ce, “Yana yi, Baba. Sosai.”

Tsoho ya gyaɗa kai, ya ce, “To ɗaga ƙasan, akwai saura.”