Ƙusar da Ta Ƙi Karyewa

Ni fa ba daɗin Riyad ne ya zaunar da ni a Riyad ba, wata goɗiya ce. Kili ce, mai dogon wuya, ga tsiwa kamar 'yar auta. Kafilina, Balaraben da iƙamata, wato takardar izinin zamana, ke hannunsa, ya sayo ta tana ƙarama ya damƙa mini, don a bargar 'yan folo na tashi a Katsina, na san kan doki. Ni na fara ɗora mata sirdi, ni na koya mata tsalle. In na makara da safe, tun daga ƙofar gona nake jiyo ta tana dukan ƙyaure da kofato.

Gonar tana bayan gari. 'Ya'yan kafilin suna fita waje gasar nan da ake sukuwa a fili ana tsallake shingaye, shi ya sa ya gina musu irin filin a gida, da rami, da ruwa, da manyan gumagumai. Kada ka ɗauka irin sandunan nan ne da doki ke taɓawa su zube. Gungume a kafe yake. In doki bai ɗaga ƙafafun gaba da kyau ba ya doke shi, wuntsilawa yake ta ka ya faɗo a kan mahayinsa. Haka ake mutuwa a wasan nan, doki da mutum.

Saboda haka wata shekara kafili ya sa aka kawo wasu jajayen ƙusoshi daga waje, waɗanda aka ƙera musamman don su karye. Gungumen a kansu yake zaune. In doki ya doke shi da ƙarfi, ƙusa ta karye, gungume ya faɗi ƙasa, dokin ya yi tuntuɓe ya wuce a kan ƙafafunsa. Ranar da aka nuna mana, wallahi har ajiyar zuciya na yi, don ni ne mai fara gwada kowane shinge kafin yara su hau.

Kafintan da ke kula da shingayen aminina ne. Ɗaki ɗaya muke haya a unguwar Manfuha. Ni na ciro shi daga wata masana'antar kujeru a Birnin Masana'antu na Biyu, inda ƙurar katako ta kusa cinye masa ƙirji, na tsaya masa a gaban kafili. Ya iya aiki, wannan ba zan hana shi ba. Amma ya tsani ƙusoshin nan.

"Yaya," in ji shi, "ni tunda nake ban taɓa jin an sayi abu don ya karye ba."

Na ce, "To yau ka ji. Gara ita da wuyana."

Dariya muka yi, amma abin yana cin sa. Yara in suna koyo sai su yi ta dukan gungume, ya faɗi, manajan gona ya kwaɗa masa kira a gaban mutane, yalla, yalla, wato yi maza, shi kuma ya fito cikin rana ya ɗaga. A wurinsa kafintan da aikinsa ke faɗuwa a idon jama'a ya ji kunya, ko me za ka gaya masa.

Rannan kafili zai yi baƙi, aka ce in zagaya filin da goɗiyar da safe kafin su iso. Na sami kafintan yana tattara kayan aiki, na tambaye shi, "Jajayen suna nan dai ko?"

"Suna nan, Yaya. Je ka gani da idonka."

Na bi ta gefen babban gungumen da ke gangare, na leƙa daga kan sirdi, na ga jajayen kawuna. Na sake mata linzami.

Ta yi kyau a rami, ta yi kyau a ruwa. A gangaren ne rana ta haske mata ido, ta makara wajen tashi. Na ji gwiwoyinta sun daki icen, gum! A raina na ce yanzu zai faɗi. Bai ko motsa ba. Sai na ga ƙasa a sama, sai nauyinta a kan ƙuguna.

Da na buɗe ido fuskata tana dab da gindin shingen. Jan fentin kan ƙusar ya goge a inda gungumen ya goga, kuma abin da ke ƙarƙashi ba ƙusar waje ba ce. Ƙaton ƙarfe ne na kasuwa, an shafa masa jan fenti. Kafintan ya sheƙo a guje yana salati, ya durƙusa a kaina, ya ga inda nake kallo. Na dube shi, ya sunkuyar da kai.

Ni ƙashin ƙugu ya tsage, aka kwantar da ni a asibiti. Ita kuma ƙafar gaba ce ta karye. Likitan dabbobi ya ce ana iya yi mata aiki, za ta rayu, in kafili ya yarda. Na ce alhamdulillahi. Sai manaja ya bugo mini waya da maganar da ta fi karayar zafi. Wai kafili ya je ya duba shingen da kansa, ya tarar da jar ƙusa ta gaskiya, lafiyarta ƙalau, ko lanƙwasa babu. Tunda ba ta karye ba, ke nan goɗiyar ba ta doki gungumen da ƙarfi ba, kifewa ta yi da kanta, akwai cuta a jikinta. Ba zai yi wa dabba mai kifewa aiki ba, allurar mutuwa za a yi mata a huta.

Ka ji mutum! Ana saka ni a mota, ashe kafintan yana can yana mayar da ƙusar gaskiya.

Da yamma ya zo asibitin, amma ba shi kaɗai ba. Ya jawo wani dattijo, wanda mu 'yan ƙasa ɗaya a Manfuha ke kai wa ƙara in an sami saɓani. Dattijon ya zauna ya yi mini addu'a, sannan ya ce a rufa asiri. Mu a nan baƙi ne, ba ma tona wa juna. In Balarabe ya ji, korar yaron nan zai yi, ga iyali a gida.

Na ce, "Baba, goɗiyar fa?"

"Dabba ce, ɗana."

Nan na manta da girmansa, na ɗaga murya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Aminin nawa ya fashe da kuka, ya kama hannuna ya ce shi da kansa zai je ya faɗa, zai ce kuskure ne, in bar masa zuwa safiya. Na bar masa, don har lokacin ina ganin tsoro ne kawai ya kama shi.

Safiya ta yi, rana ta ɗaga, shiru. Na bugo wa kafili da kaina. Da gurgun Larabcina na gaya masa komai, ƙarfen, fentin, mayarwar. Na ce kada ya kori kowa, ya dai bar goɗiyar, ba ta da laifi. Ya ce ga kafintan nan kusa da shi, bari ya buɗe wayar kowa ya ji. Ya maimaita masa maganata.

Na ji muryar aminin nawa tar, ba ko rawa. Ya ce, "Allah sarki. Ya bugu a kai ne, ranka ya daɗe. Tun jiya yake sambatu. A yi masa uzuri, yayana ne."

Na yi ta kiran sunansa a wayar. Kafili ya yi mini fatan samun sauƙi, ya ce in huta, ya kashe.

Ban taɓa jin an ci amanata kamar ranar nan ba, kuma har yau ban yafe ba, kada kowa ya zo mini da wa'azi. Mai gadin gona ne ya gaya mini an yi wa goɗiyar allurar kafin azahar. Ya ce da farko ta ƙi tsayawa, ta yi ta fizge-fizge a kan ƙafa uku, ba wanda ya iya kusantarta. Sai da aka kira kafintan ya riƙe mata ragama. Ta san shi tare da ni, sai ta tsaya.