Ƙwaryar da Ta Fito da Inna Daga Ɗaki

Na halarci sunaye da bukukuwa ba adadi, yawancinsu sun bi iska, amma ranar sunan ɗan ƙanena a Kurfi tana nan daram a raina, kuma ba na jin za ta goge har in koma ga Allah. A ranar ne na sake jin mahaifiyata ta ɗaga murya, bayan mun daɗe muna zaton mun rabu da wannan muryar ke nan.

Kafin rasuwar Baba, Inna ce mai rabon tuwo a unguwarmu, a can Kurfi. Kada ku raina wannan aiki. Duk gidan da ake biki ko suna, sai an gama tuƙi a aika a kira ta, ta zo ta zauna a kan 'yar kujerarta da mara a hannu, kwanuka sun kewaye ta. Ta san gidan da yara suka yi yawa, ta san tsohon da ba ya iya tauna nama, ta san wadda za ta yi fushi in aka kai wa wance kafin ita. Tuwo bai taɓa kasawa a hannunta ba. Faɗa kuwa, sai dai a yi haƙuri, don har liman ya san muryarta.

Da Baba ya rasu ta gama takaba, sai na ɗauko ta zuwa gidana a Dutsin-Ma, inda nake koyarwa a makarantar firamare. Ni ce 'yar fari, ina ganin lokaci ya yi da zan rama mata wahalar da ta sha. Na gyara mata ɗaki, na sa mata fanka, na kafa doka a gidan cewa kada wanda ya bari ta ɗaga ko tsinke. In ta miƙa hannu ga tsintsiya a ce, "Inna ki huta." In ta leƙa kicin a ce, "Inna ki huta." Kowa ya zo sai ya sa mini albarka, ni kuwa ina ta jin daɗi.

To, ta huta ɗin. Ta huta har ta daina fitowa tsakar gida. Abinci sai ta taɓa ta ture, magana sai an yi da gaske a ji "to" ko "a'a". In ta ji sallamar baƙi sai gabanta ya riƙa faɗuwa, ta ce a ce tana barci, alhali barcin ma ya ƙaurace mata. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. An yi addu'o'i, an sha rubutu, kuma ba mu fasa ba. Amma ina kallon zanenta yana ƙara yi mata yawa, tsoro ya kama ni cewa zan rasa ta kamar yadda na rasa Baba.

Da ƙyar na lallashe ta muka je asibiti. A hanya take ce mini, "Ke wagga, ni ba mahaukaciya ba ce." Ba ta kiran sunana, kun san kunyar 'yar fari. Likitar, wata mata mai sanyin magana, ta daɗe tana yi mata tambayoyi, sannan ta ce ciwon damuwa ne haɗe da fargaba, ciwo ne kamar kowane, kuma ana warkewa. Ta rubuta magani. Har na miƙe, sai ta ce in zauna.

"Malama, kafin duk wannan, mene ne mutane suke zuwa nema wurin Hajiya?"

Dariya ta kuɓuce mini. Na ce, "Rabon tuwon biki, likita."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta sa na ba ta labari tiryan-tiryan, ta juya ga Inna ta ce, "Ashe ke ce mai riƙe da zumuncin unguwa." Inna ba ta ɗago ba, amma na ga ta gyara zama. Likitar ta ce mini magani zai yi nasa aikin, sai dai ba a duba abin da ya lalace kaɗai, ana duba abin da mutum yake da shi mai ƙarfi a jingina da shi. Ta ce mu mayar mata da abin da ta iya, kaɗan-kaɗan, kuma buƙatar ta zama ta gaske.

Ni da gaggawa, washegari na kai mata tukunyar tuwon gidana na ce wai na kasa rabawa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ku nawa ne a gidan? Tahi ki ba ni wuri." Na fito ina jin kunya, amma ina murna, don rabon da ta kore ni har na manta. Daga nan na daina wasan yara. Da matar ƙanena ta haihu, na je na tambaye ta su wa ya kamata a sanar, don da gaske ban sani ba. Ta fara lissafo gidaje a hankali, daga ƙauyen Tamawa har na Kuki, ta gaji ta kwanta. A lokacin, magani ya fara kama jikinta, tana ɗan samun barci.

Ranar suna ta yarda muka tafi Kurfi, bisa sharaɗin ba za ta fito cikin mutane ba. Ta shige ɗakinta na da, ta saki labule. Mu kuma 'yan zamani muka kama rabo, da kulolinmu da robobinmu, kowa na ba da umarni. Kafin azahar mun rikice. An kai wa gida ɗaya sau biyu, an manta da ungozoma, dangin mai jego suna zaune ba a ba su ba, ga tukunya ta kusa ƙasa. Na leƙa na ce, "Inna, tuwo zai kasa." Ta ce, "Ku yi yadda kuka gani." Na fito na koma kan tukunya.

Akwai wata dattijuwa Bafulatana daga wata ruga ta wajen Zobe, ƙawar Inna tun suna amare. Da sassafe ta iso da ƙwarya cike da nono da curin man shanu, ta yi barka, ta zauna a gefe. Da ta tashi tafiya, matar wani ɗan'uwanmu, wadda ta tashi a birni, ta wanke ƙwaryar tas, ta ɗaga murya ta ce, "Ga ƙwaryar mai nono nan, a miƙa mata, mun gode!"

Sai muka ji daga bayan labule, da irin muryar nan da ke tsinka tsakar gida:

"Wa ya ce a maida mata ƙwarya wayam? A gidan wa aka taɓa yin haka?"

Kowa ya juya. Labule ya ɗaga, ga Inna tsaye, ɗankwali a karkace, ta dafa ƙofa. Na san abin da fitowar nan ta ci mata, don na ga yadda take numfashi. Ta dubi taron, kamar za ta koma. Ƙawar tata ta ce, "Bar su, yara ne." Inna ta ce, "Yaran mi? Da furfurarsu?" Ta tako ta karɓe ƙwaryar, ta ce, "Ke wagga, miƙo mani mara. Ina kujerata?"

Na ruga na ɗauko, hawaye na zuba, ina dariya. Ta zauna ta fara da ƙwaryar, ta jera malmala, ta ɗora nama, ta sa aka ƙulla goro a kai. Sannan ta dubi abin da ya rage a tukunya, ta rage girman malmala, ta aika a dawo da kwanon da aka kai sau biyu, ta sa aka ɗora ruwan wani tuƙin. Ta yi mana faɗa son ranta, ni na fi kowa sha, kuma ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Tuwo ya ishi kowa, har aka yi ɗumame.

Ba zan ce ta warke a ranar ba. Da yamma ta gaji liƙis, kuma bayan nan an yi kwanakin da ta sake shiga ɗaki ta yi shiru. Ta ci gaba da shan magani, muna komawa wurin likita. Amma na mayar da ita Kurfi cikin mutanenta, aka ci gaba da aikowa ana kiranta, tana zuwa wasu, tana ƙin wasu. Yanzu ta tsufa sosai, ba ta iya riƙe mara, sai dai ta zauna tana nuni da sanda, matan unguwa na bi.

Abin da na koya shi ne, wanda damuwa ta kwantar yana buƙatar magani da addu'a, yana kuma buƙatar a tuna masa abin da ya iya, a nemi taimakonsa da gaske. Mun ƙwace wa Inna aiki don muna son ta, ba mu san a cikin aikin take ganin amfanin kanta ba. Har yau in na je Kurfi na ga ta jawo tsintsiya, bakina yakan buɗe zai ce ta huta, sai in rufe shi, in ɗage ƙafafuna ta share.