Yadda Mista Wendell Ya Daina Fita

Har gobe ban manta da ranar da aka manna hoton Mista Wendell a ƙofar shagon gidan mai na unguwarsu ba. Cikin watan Afrilu ne na 2013, ina cikin shekarata ta shida a aikin kula da tsofaffi a gidajensu, a Woodbridge. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku kasa kunne, don wannan ba ya cikin abin da ake koya muku a ajin horo.

Ga wanda bai san aikin ba, kamfani ne ke tura mu gidaje. A samanmu akwai nas, ita ke tsara yadda za a kula da kowane tsoho. Mu ba ma yin allura, ba ma canza magani. Namu wanka ne, da abinci, da tuna masa maganinsa, da taka masa baya in zai yi tafiya. Lokaci zuwa lokaci nas takan zo ta yi gwaji: tsoho ya tashi daga kujera da kansa, ya taka zuwa ƙofa, ya dawo ya zauna. Gwajin kamar wasa, amma da shi ake duba ko mutum zai ci gaba da zama a gidansa ko za a kai shi gidan tsofaffi.

Mista Wendell tsohon direban bas ɗin makaranta ne, baƙar fata, yana dab da tamanin. Matarsa ta rasu, ɗansa guda yana can wata jiha mai nisa. An yi masa aiki a ƙugu, yana tafiya da abin dogarawa mai ƙafa huɗu da muke ce wa woka. Ba abin da ya tsana kamar gidan tsofaffi, don a can matarsa ta cika. Motsa jikin da likita ya rubuta masa kuwa, ko kallon takardar ba ya yi.

A makona na farko ya miƙo min kuɗi, wai in sayo masa katin caca, irin wanda ake kankarewa.

Na ce, “Mista Wendell, zan wanke ka, zan dafa maka, amma wannan addinina ya hana ni.”

Ya dube ni ta saman tabarau. “To, Mis Rabi, addinin naki ya hana ni zuwa da ƙafata?”

Na ce bai hana ba.

Abin da likita ya kasa, taurin kai ya yi shi. Kullum da safe sai ya sa hularsa, ya ɗauki wokarsa, mu nufi gidan mai da ke ƙarshen layi. Ya gaisa da maƙwabta, ya yi wa karen wani tsiya, ya sayi katinsa da kofi, ya zauna a benci ya kankare. Ni kuwa ina biye, ina istigfari a zuci ina kuma murna da ƙafafun nan. Nas Denise, wadda ke samana, da ta zo gwaji har tafi ta yi masa.

Sai rannan ya kankare, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ci, kuma ba ƙaramin ci ba.

Ni na raka shi ofishin da ake karɓar kuɗin, don raka tsoho unguwa yana cikin aikina. Ya roƙi matar da ke wurin kada a faɗi sunansa. Ta amsa cikin ladabi cewa dokar jihar ta mai da sunan wanda ya ci da garinsu abin da jama'a ke da ikon sani, don a tabbata mutum na gaskiya ne ya ci, ba ha'inci aka yi ba.

Ya ce, “Ni kaɗai nake kwana a gida, 'yata.”

Ta ce ta gane. Sannan aka miƙa masa ƙaton ceki na kwali, aka ce ya yi murmushi. Mutumin kirki ne, ya yi.

Na yarda a tabbatar wa jama'a ba a cuce su ba. Amma a ƙasar da ke da alƙalai da masu binciken kuɗi kamar ƙasa, a ce ba hanyar tabbatarwa sai an nuna fuskar tsoho mai woka? Ba gaskiya suke karewa ba, talla suke yi, kuma da fuskarsa suka yi ta kyauta.

Ranar da hoton ya fito, mun isa shagon muka tarar da shi a ƙofa, ga suna ga gari. Kafin ya karɓi kofinsa wani ya riƙe masa woka yana ba shi labarin rufin cocinsu da ke yoyo. Wata ta tura masa waya a fuska, hoton ɗanta ne a asibiti. Wani saurayi ya dafa kafaɗarsa da ƙarfi, wai yana neman sa'a, har tsohon ya yi tangaɗi na tare shi da ƙirjina. A hanyar komawa wata mota ta biyo mu a hankali har ƙofar gida.

Washegari bai sa hula ba. Ya ce in sauke labule.

Daga nan ƙararrawar ƙofa ba ta huta ba. Dangin da ko katin gaisuwa ba su taɓa aiko masa ba suka tuna da shi, in ana rabon nama ai ba a rasa ɗan'uwa. Ƙa'idar aikinmu kuma ba ta ba ni ikon korar baƙon kowa ba, gidansa ne. Sai dai in buɗe ƙofa in haɗe rai. Na yi ta lallashinsa mu riƙa takawa daga falo zuwa kicin. Sai ya ce, “In je kicin in gaida wa?” Na ce mu shiga mota mu je wani lambu da ba a san shi ba. Mun je sau ɗaya, wani ya ɗaga masa hannu kawai, ya ce in mai da shi gida.

Na kira Nas Denise na ce, “Mutumin nan yana narkewa a kujera.” Ta ce in rubuta a rahoto. Na rubuta har na gaji.

Da na kai kukana wurin Anti Balki, wata babbar yayarmu da ke irin aikin nan a Largo, a jihar Maryland da ke maƙwabtaka da tamu, sai ta riƙe baki. “Ke Rabi, ai mu nan Maryland ba dole a faɗi sunan mai ci. In mutum ya ce no, to no ne, ko a hoto sai ya rufe fuskarsa da cekin.” Kogi ɗaya ne tsakaninmu. Wallahi ranar ko abinci kasa ci na yi don takaici.

A watan Yuli Nas Denise ta zo gwaji. Ta ce ya tashi. Ya dafa hannun kujera ya yunƙura, ya koma. Ya sake, gwiwoyinsa na rawa, ya koma. Sai ya juyo ya miƙo min hannu.

“Mis Rabi.”

A lokacin gwaji ba a taɓa tsoho, in ka taɓa ka ɓata. Na dubi Denise, ta girgiza kai. Na mai da hannuwana baya na damƙe su, ina kallonsa yana kallona.

Ɗansa ya zo a makon. Na ce masa da kuɗin nan ana iya ɗaukar masu kula da shi dare da rana a ɗakinsa. Ya ce, “Kowa ya san gidan nan yanzu. Ba zan iya barci ba in yana ciki.” Ban ga laifinsa ba. Aka samo gidan tsofaffi mafi tsada, mai furanni da mai gadi, aka fitar da Mista Wendell a keken marasa lafiya.

Abin da na koya shi ne, tsoho ba ya tafiya don likita ya ce. Yana tafiya ne don yana da wurin zuwa da wanda zai gaisar. In kun samu tsohon da ke da irin wannan wurin, ko ba ku son wurin, ku kare masa shi kamar yadda kuke kare maganinsa. Caca dai har yau ban canza ra'ayi a kanta ba. Amma wanda duk ya ce min dole a yi shelar mai ci, sai na tambaye shi ko ya taɓa tsayawa da hannuwansa a baya.

Bayan wata guda na dafa masa shinkafa da wake da yake so, na je gidan da aka kai shi. Na faɗi sunansa a teburin karɓar baƙi. Budurwar ta duba kwamfuta, ta ce ba na cikin waɗanda iyali suka amince su shiga.

Na ce, “To ki gaya min kawai, yana lafiya?”

Ta yi murmushi ta ce, “Yi haƙuri, ba zan iya ma ce miki yana nan ko ba ya nan ba. Muna kare sirrin mutanenmu.”