Haƙorina da ke cikin gwangwanin Malam Iliyasu

Malam Iliyasu ya rasu.

Yau da safe labarin ya same ni a wurin aikina a Baure, wata tsohuwa ta buɗe mini baki ina duba mata dasashi. Ban san yadda na ƙarasa da ita ba, salati kawai nake yi a zuci.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ya koya mana tsarin haƙori a makarantar koyon aikin lafiya da na yi a Daura. Ba zan kama sunan makarantar ba, don ba ita nake nema ba. Mutum ɗaya nake nema, kuma na san yana karanta wannan.

Zan zo kanka. Bari in fara da Malam.

Ranar da ya fara shigo mana aji, cewa ya yi kowa ya cije haƙoransa ya yi murmushi. Kowa ya yi, ni na ja hijabi na rufe baki. Fiƙata ta hagu can sama ta fito, ta hau kan 'yan'uwanta, tun ina firamare ake tsokanata da ita. Bai kunyata ni ba. Sai da aka tashi ya kira ni, ya tambaye ni ko an taɓa cire mini haƙorin nono ina ƙarama. Na ce e, wani mai cire haƙori ne a kasuwa. Ya ce to shi ke nan, haƙorin nono wuri yake riƙe wa na ƙarƙashinsa. Da aka cire shi lokacinsa bai yi ba, sai na baya suka matso, fiƙa kuwa da ma ba ta fitowa da wuri, ta zo ta tarar an cinye mata wuri.

"Ba muni gare ki ba, Rabi," in ji shi. "Wuri aka ƙwace wa haƙorinki."

Ba wanda ya taɓa gaya mini haka.

Da babur ɗinsa ya je har Dutsi ya sami mahaifina, ya lallashe shi, ya haɗa ni da wani likita a Katsina. Aka cire ƙaramin turmin da ke bayan fiƙar, aka sa mini waya, a hankali ta sauko ta shiga layi. Duk hoton da kuke gani nawa ina washe baki, aikin Malam ne.

Waɗanda muka yi aji tare, kun tuna gwangwanin?

Tsohon gwangwanin madara ne cike da haƙoran mutane na gaskiya, an wanke su an kashe musu cuta. Malam ba ya son na roba, ya ce duk kamarsu ɗaya, bakin mutane kuwa ba haka yake ba. Sai ya ce ki rufe ido, ya ɗora miki ɗaya a tafin hannu, ki faɗa masa na sama ne ko na ƙasa, na dama ko na hagu, na yaro ko na babba. Turmin sama saiwa uku, na ƙasa biyu. In kika ɓata sai ya kama haɓa ya ce kin dasa wa bawan Allah turmi a gaban baki, da wane ido zai je gaida surukansa.

Kuma bai taɓa ɗaukar haƙorin kowa a ɓoye ba. Ya san halinmu, gashi da farce da haƙori ba a barin su a hannun wani. Roƙa yake yi. Wanda ya ƙi, da kansa yake naɗe masa abinsa ya je ya binne.

Nawa da aka cire, saiwarsa ta lanƙwashe kamar ƙugiya. Malam ya yi ta juya shi yana murna kamar an ba shi ragon layya. Ya roƙe ni na ba shi, amma sai da na ɗiga masa jan farce don in riƙa gane abina. Ya yi dariya ya ce ai da ido a rufe ake jarrabawar.

To, yanzu na zo kanka.

Malam ne ya koyar da kai, shi ya tsaya maka aka ɗauke ka koyarwa. Da kujerar shugaban sashe ta taso, ka san a ilimi ba ka kama ƙafarsa ba, sai ka bi ta inda ka san mutanenmu ba su da ƙarfi. Ka bi majalisa, ka bi iyayen ɗalibai, ka tsaya a ƙofar masallacin unguwar su Malam kana raɗa cewa Malam haƙoran mutane yake tara wa boka. Kai da ka rufe ido aka ɗora maka su a tafin hannu kamar kowa.

Iyaye suka cika ƙofar makaranta. Kwamiti ya zauna, aka ce Malam ya je ya huta. Kai kuma ka miƙe ka shaida wa jama'a su kwantar da hankalinsu, ka ɗauke gwangwanin da hannunka, ka kai bayan gari ka binne.

Ba rasa aikin ne ya karya shi ba.

Mutumin da duk yaron unguwa in yana famfara wurinsa yake zuwa, ya duba giɓin ya ce kar ya damu ko ƙadangare ya gani sabo zai fito, shi ne aka koma janye yara in ya doso. Mata suka daina aikowa sayen ƙuli-ƙulin matarsa, Inna Hajara. A masallaci in ya tsaya a sahu sai na gefensa ya ɗan matsa. Hawan jini ya kama shi, daga baya ɓarin jikinsa ya shanye.

Ganina da shi na ƙarshe bayan ƙaramar Sallah ne. Yana kwance, bakinsa ya karkace, magana da ƙyar. Ko gaisuwa ban gama ba ya ce in cije ya gani. Na cije. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce na sama sun rufe na ƙasa kamar murfin kwano, haka ake so.

Can sai ya ce, "Da gaske ya binne su?"

Na ce haka aka ce, Malam.

"To da me yaran nan za su koya?"

Abin da ke damunsa ke nan. Na fara zaginka, ya ɗaga hannun da ke motsi ya ce in bar ka da Allah, shi ya yafe. Na ce to, don ba na musu da shi.

Yau ina cikin mota daga Baure zuwa gaisuwa, na buɗe waya, sai ga fostin ɗinka. Wai mun yi rashin uba. Har da hotonka a ɗakin firaktikal, ɗalibai sun kewaye ka, ga tire a gabanka an baza haƙora. Na sa yatsa na buɗa hoton.

Ga ƙugiyar. Ga ɗigon jan farcena.

Ashe ba ka binne komai ba. Kayan tsafin da ka kashe sunan bawan Allah a kansu, da su kake koyarwa, a kan kujerarsa. Wallahi sai da na kusan cewa direba ya tsaya.

Ka goge hoton in kana so, na adana shi.

Ba zan same ka a ofis ba. Da zarar an tashi zaman makoki, ajinka zan shigo kana tsakar lakca, in nemi haƙorina a gaban ɗalibanka, ka faɗa musu inda ka same shi. Daga nan kuma sai ƙofar masallacin nan, inda ka yi raɗa, ka warware da ƙarfi Inna Hajara da 'ya'yanta su ji daga cikin gida. Duk wanda ya taɓa ba Malam haƙorinsa ya yi mini magana mu tafi tare, har da kai Oga Chidi na layin masu kayan babur, na san turminka yana ciki.

Malam ya yafe maka nasa, haƙƙinsa ne. Ni ban ba ka haƙorina ba.

Allah ka ga abin da aka yi wa bawanka Iliyasu. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa cutar da ya sha ta zama kaffara, ka ba Inna Hajara da yara haƙuri. Ka wanke sunansa a garin nan tun wanda ya ɓata shi yana raye yana gani.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa Malam a addu'a. Wanda kuma ya taɓa matsawa daga gefensa a sahu, shi ya kamata ya fara.