Jujin Inna Kande

Ku da kuka shigo aikin nan da digiri, ku matso. Ni aji huɗu na yi a firamare, amma har in koma ga Allah ba zan manta da Talatar da aka tura mu kwashe jujin Inna Kande ba.

Lokacin ina shugaban leburorin shara a sashen tsafta na ƙaramar hukuma, mataki na huɗu, wato ina ba mutum shida umarni, biyu su ji. Sama da ni akwai duba-gari, Malam Habu, wanda ko atishawa ba ya yi sai an rubuto masa.

Saura wata guda ruwa ya sauka sai ga takarda. Baƙi za su zo daga Kano ranar Laraba, zuwa wani ƙauye gabas da Ɗanbatta, su koya wa manoma yadda ake mayar da shara taki. A share fili, a kafa rumfa. A filin nan kuwa jujin Inna yake.

Ga wanda bai sani ba, juji a ƙauye ba shara ba ne. Tsohuwar nan mijinta ya rasu, ba ta da halin takin zamani. Tun kaka take tara toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa, tana tsince leda ɗaya bayan ɗaya. Tulin nan shi ne geronta na shekara.

Na ce wa Malam Habu, "Ranka ya daɗe, wannan fa taki ne."

Ya ce, "Sale, takarda ta ce ƙazanta. Ka fi takarda ilimi ne? A kai kududdufi."

Muna cikin lodi Inna ta fito da muciya a hannu. "Sale, na san uwarka. Ka zuba shi a kududdufi, bana a gidanka zan ci tuwo."

Na tuna bakin da nake ciyarwa, tara har da ni. Na raɗa wa direban tifa, sawu uku duk a gonarta muka juye. Kafin la'asar labari ya kai wa Malam Habu. Ya ce na sa motar gwamnati aikin gona, in saurari kweri, wato takardar da ake tambayar ma'aikaci dalilin da ya sa ya yi hankali.

Laraba baƙi suka iso da mota biyar da janareta, don su hana mu yawan hayaƙi. Wata malamar jami'a, mai kirki ce wallahi, ta yi bayani tiryan-tiryan, sannan ta waiwaya.

"Ina jujin da na gani nan makon jiya? Don shi na zaɓi filin nan. Da shi zan yi misali."

Malam Habu ya kalle ni. Ni kuwa na shiga duba sama ko akwai hadari.

Ya matso. "Sale, yana ina?"

"Ranka ya daɗe, in faɗa kwerin ya ƙaru, ko ya ragu?"

Haka taro ya tashi kacokan, da shadda da takalmi sau-ciki, aka bi ni gona. Inna na tsaye kan tulinta. Malama ta damƙo, ta sansana, ta tambayi Inna a ina ta koya. Inna ta ce, "Wajen kakata. Ke dai gaya wa mai farar hular can ya daina taka mini."

Mai farar hula, wato Malam Habu, ya bayyana wa baƙi cewa kai taki gona sabon tsarin sashenmu ne, shi ya ƙirƙiro. Aka tafa masa. Kweri dai har na yi ritaya bai zo ba, Inna kuma ta ci tuwonta a gidanta.

Da suka tafi muka share filin: ledar ruwa da robobin abinci, buhu huɗu. Inna ta leƙa ta ce, "Wannan kada ka kawo mini gona. Mayar musu Kano."

To ga karatun ɗan aji huɗu. Kafin ku sa shebur a tuli, ku tambayi mai shi, ba takarda ba. Shekara talatin da biyar na yi a aikin nan, sharar gaske sau ɗaya na kwasa a ƙauyen can, ita ma masu koyar da tsafta ne suka kawo ta.